Gadajen Aro

Babana dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, ba ya taya sa sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. Shi ya sa da ƙanensa Baffa, wanda direba ne, ya kawo zancen wata makarantar koyon aikin jinya ta kuɗi a Gumel, Baba ya ce sai ya gani da idonsa kafin ya kai ni.

Muka je mu uku. Aka buɗe mana ɗakin gwaji, ga gadajen asibiti da fararen zannuwa, ga na'urar awon jini, har da mutum-mutumin roba na koyon allura. Baba ya danna katifa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen gado. Baffa ya ce, "Yaya, ai gani ya kori ji."

Da na fara karatu, kullum ɗakin a kulle yake. Ranar da na leƙa ta taga, buhunan gero na gani. A jikin lemo muka koyi allura, awon jini kuwa a kan allo.

Wata ɗaliba da ta riga mu shiga ce ta gaya min cewa aro ake yi daga wani asibiti duk ranar da za a yi baƙi. Wata motar a-kori-kura ke kawowa da sassafe, ta mayar da yamma. Na sha tsine wa mai motar nan a raina.

Ranar da masu duba makarantu za su zo, na yi sammako na tsaya a bakin ƙofa. Motar ta shigo da gadajen, Baffa ne riƙe da sitiyari. Ko idonsa bai kawar ba, ya ce, "'Yata, zo ki kama min katifar nan."