Naman da Randa Yake Turawa

Randa ake ce masa a wurin yankan katako, don ko da sanyin safiya ka same shi, zufa na tsattsafo masa kamar sabuwar randa. Tun yana saurayi yake jan dogon zarto mai hannu biyu, shi a gefe guda, ƙaninsa a ɗaya gefen. Zarton nan ba a tura shi. Ka ja, ka sakar wa ɗan'uwanka ya ja. Shi ya koya wa ƙanin, ranar da ya kawo shi ya roƙi maigidan wurin ya ɗauke shi.

Da rana kwano ɗaya suke ci, a kan wani guntun gungume. Randa yakan ce abin da mutum ya ci, kaɗan ne ke isa hannu, sauran duk zafi ne yake fita ta fata. Saboda haka kullum sai ya tura naman gefen ƙanin. "Ci, kai ke da sauran girma." Ƙanin ya yi gemu, ya yi 'ya'ya, naman bai fasa tafiya gefensa ba. Shi kuwa Randa sai shinkafa da ruwa, ga zufa.

Shekaru suka ja, hannu ya fara nauyi. Rannan yana bayan tulin katako yana sharce goshi, sai ya ji muryar ƙanin yana magana da maigidan wurin.

"Yallaɓai, Yaya fa ci ne kawai. Abincinsa zufa yake zama, ba aiki ba. Ni kaɗai nake jan zarton nan. A haɗa ni da wani."

Kai, jama'a! Ci? Mutumin da rabonsa da tsoka a bakin aiki har ya manta? Randa ya ji ƙirjinsa ya yi zafi, irin wanda ba ya fita da zufa. Bai fito ba.

Washegari ya tarar da wani ƙato riƙe da hannun zartonsa. Shi kuwa Randa aka miƙa masa tsintsiya, wai ya riƙa share garin katako.

Rana ta yi tsaka, sai ga ƙanin ya zo ya tsuguna gaban kwano, ko kunya babu. "Yaya, sannu da aiki."

Randa ya yi niyyar yau shi zai ci naman nan, wallahi ya yi niyya. Kafin ya ankara, hannunsa ya riga ya tura shi can gefen. Ƙanin ya ɗauka ya jefa baki, bai ko ɗago kai ba.