Hanyar da Ammu Bakur Yake Nema a Kos

Cikin duk shekarun da na yi a ofishin shirya tafiye-tafiye da ke kusa da Bab Makka a Jidda, ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da Ammu Bakur ya shigo ya ce zai je yawon buɗe ido ƙasar Girka. Farkon hutun makarantu ne, shekarar da aka sake buɗe tafiye-tafiye bayan korona.

Bari in yi wa sababbin ma'aikatan cikinku bayani. Idan mai iƙama, wato baƙo mai takardar zama a Saudiyya, zai nemi bizar Turai, mu muke haɗa masa tikiti da masauki da tsarin inda zai je kowace rana. In ya tafi ya ƙi dawowa, sunan ofishinmu ne yake ɓaci. Mudir ɗinmu kuwa, wato shugaban ofis, dokarsa ɗaya ce, kullum yana maimaita ta: "Wanda ka tsaya masa ya gudu, kai ma ka bi shi." Wato a bakin aikinka. Ni kuma ina da 'ya'ya a makaranta.

Ammu Bakur tela ne a unguwar Sa'alaba, dattijo, shi ya sa muke ce masa Ammu, wato baffa, haifaffen Jidda kamar ni. Na san shi sama-sama, kuma na san ko bakin tekun da ke nan garin ba ya zuwa shan iska. Sai ga shi yana kiran sunan tsibirin Kos daidai, kamar wanda ya kwana yana haddace shi.

Na buɗe masa taswira a kwamfuta, na fara karatun da na saba yi wa kowa. Na ce Turkawa sun daɗe suna mulkin tsibirin, har yanzu akwai tsofaffin masallatansu. Bayansu Italiyawa suka zo suka gyara hanyoyi. Babbar hanya ɗaya ce ta ratsa shi daga wannan kai zuwa wancan, sauran duk rassa ne masu shiga ƙauyuka da gonaki. Bai ko kalli hotunan otal ba.

"Ya waladi, ɗana, wane gefen ne yake kallon Turkiyya?"

Na nuna masa.

"To, daga nan bakin ruwan, akwai hanyar ƙasa da take hawa tudu ba tare da ta bi ta cikin gari ba? Wadda take ratsa itatuwan zaitun?"

Nan na fara zarginsa. Duk mai wannan aikin ya san ta wannan gefen ne masu safarar mutane suke sauke kwalekwalensu. Mai yawon buɗe ido abinci yake tambaya da kuɗin ɗaki. Wannan kuwa yana tambayar ko bas na bi ta wurin, ko ƙaramar mota za ta shiga, ko akwai mutane da rana. Na ce a raina, dattijo da furfurarsa, ashe ɗan aiken masu safara ne.

Na ce ya dawo jibi. Da yamma na bi ta Sa'alaba na ɗan yi bincike. Mai shagon da ke kusa da nasa, da na ambaci Girka, sai ya hau share teburin da ba shi da datti, ya ce shi bai san komai ba. Wani kuma ya ce, "Khalli, bar maganar nan." Shirun nasu ya ƙara min zargi. Mudir da na ba shi labari ya ce, "Halas, sallame shi."

Da ya dawo ban ɓoye masa ba. Na ce, "Ammu, wallahi ban yarda da tafiyar nan ba. Abincin 'ya'yana ne a kai. Ko ka gaya min me ke kan hanyar nan, ko mu haƙura."

Ya ce ɗansa Faisal ya gaji da zama ba aiki, ya bi ta Turkiyya da niyyar shiga Turai har Jamus. Kwalekwalensu ya kife. Wani abokin tafiyarsa da ya tsira ne ya kira shi a waya, ya kwatanta masa inda aka binne su, a ƙarshen wata hanyar ƙasa cikin zaitun. Maƙwabta sun sani. Hajiya, uwar yaron, ce kaɗai ba ta sani ba, tana nan tana jiran waya daga Jamus.

"Ba zan iya ce mata ya mutu ba alhali ban ga inda yake kwance ba," in ji shi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ko a lokacin zargin bai sake ni duka ba, don na sha jin labarai masu sa kuka daga bakin mutanen da suka gudu. Amma na shiga wajen mudir na ce na tsaya masa. Ya dube ni ya ce, "Ka san sharaɗin." Na ce na sani. Duk kwanakin da Ammu Bakur ya yi a can, abinci bai yi min daɗi ba.

Ya dawo ranar da tikitinsa ya ce. Daga filin jirgi ofis ya biyo da jakarsa. Ya ce mota ba ta iya shiga hanyar ba, da ƙafa ya hau. Ya tarar da kaburbura babu suna, bai san wanne ne na Faisal ba, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya yi wa kowanne addu'a.

Na ce, "Hajiya fa?"

Ya ce, "Yanzu zan je in gaya mata."

Washegari bayan magariba aka jera kujerun ta'aziyya a layinsu, na je na zauna cikin mutane.

Har yau ina zargin abokan ciniki, kuma ku ma ku riƙa zargi, aikin ya gaji haka. Amma kafin ku sallami mutum, ku dube shi ido da ido ku tambaye shi. Da na bi maganar mudir, da matar nan tana nan tana jiran waya.