Birkin Aro a Motar Gwaggo Direba

Gwaggo Direba ba ta taɓa mafarkin riƙe sitiyari ba. Ɗinki ta iya, kuma a kan keken ɗinki ta yi niyyar tsufa. Mijinta ne direba. Yana da wata tsohuwar ƙaramar bas da aka cire wa kujerun baya, da ita yake sauko da kayan lambu daga gonakin kan tudu zuwa kasuwar cikin gari. Sai idonsa ya fara hazo. Da farko allon gefen hanya ne ya daina karantuwa, daga baya ko mutum sai ya yi magana yake gane shi. Ranar da ya cusa hancin motar cikin katangar maƙwabci da rana tsaka, ya shigo ɗaki ya ajiye mabuɗin a kan keken ɗinkinta, ya nemi wuri ya zauna.

Shi ya koya mata tuƙi, yana zaune a gefenta yana gani da kunne. "Kin shaƙe ta, rage giya," zai ce, ko kuma, "Sassauta ƙafa, ba fedar keken ɗinki ba ce." Direbobin tasha suka sha dariyarsu har suka gaji, sannan suka raɗa mata suna Gwaggo Direba, sunan ya bi ta har cikin gida. Manoman kan tudu kuwa suka ga ba ta jifa da kwando, ba ta kuma tsayawa hira a hanya tumatir yana dahuwa a rana. Kaya suka yi ta ƙaruwa, har bayan motar yakan durƙusa kamar raƙumi.

Matsalar tana hanyar saukowa. Gangara ce doguwa mai kwana-kwana, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗaya gefen. Kafin ta kai ƙasa birkin yakan ɗau zafi ya yi laushi, warin ƙuna ya cika motar, ita kuma ta iso kasuwa cinyarta tana rawa.

Ƙanin mijinta bakanike ne, Dogo ake ce masa. Tsakaninsa da ita ba a rabuwa da tsiya. Da ta kai masa kuka, ya leƙa ƙarƙashin motar ya fito yana goge hannu.

"Matar yaya, kin ɗora wa akuya kayan jaki, kina kuma mamakin tana haki."

"To ka ba ni jakin mana, tunda kai ne sarkinsu."

"Jakin ba zai samu ba, amma ƙafarsa za ta samu." Ya bayyana mata cewa kamfanin da ya ƙera motarta yana da wata babba, uwa ɗaya uba ɗaya, har ramin notinsu iri guda ne. In aka ciro faifan birkin babbar da ƙarfen da ke damƙe faifan aka ɗaura wa tata, za ta riƙa tsayawa kamar an kira sunanta.

Tare suka je filin da ake yanka matattun motoci. Wadda Dogo ya nuna tana can ƙarshe, ciyawa ta fara fitowa ta tagoginta. Rufinta ya lotsa har ya taɓa kujeru, amma ƙafafun gaba ko ƙwarzane babu. Gwaggo ta daɗe tana kallonta.

"Me ya same ta?" ta tambayi mai filin.

"Ni a kan babbar mota aka kawo mini ita. Ban tambaya ba."

Da yamma ta kai wa maigidan faifan guda, ya ɗora a cinya yana shafa gefensa da yatsa, yana jinjina nauyinsa.

"Ƙarfe ne mai kyau," ya ce. "Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Ki ce wa Dogo ya duba komai, ba noti kaɗai ba."

Aikin ya tafi yadda Dogo ya faɗa, sai abu biyu. Faifan ya fi ƙarfin tsofaffin wili, dole aka sauya su da manya. Sannan tiyon da ke kai man birki zuwa tayar gaba ya zama gajere, da ƙyar bakinsa ya kai. Dogo ya ja shi ya ɗaure, ya ce zai riƙe kafin ya samo dogo irin na babbar.

Ranar da ta fara gwadawa, saura kaɗan goshinta ya sumbaci gilashi. Ta sauka gangarar nan da cikakken lodi, babu wari, babu rawar cinya. Ta iso kasuwa da wuri har masu sauke kaya suna tambayar ko fuka-fuki aka sa mata. Daga nan ta daina mayar da kowa da kwandonsa. Ta kuma daina sauka da ƙaramar giya yadda maigidan ya koya mata, tunda ga birki a ƙafa. Maganar dogon tiyo ta bi ruwa. Ita ba ta tuna ba, Dogo bai tayar ba.

Maigidan ne ya fara jin abin. Kullum in ta dawo yana zaune a bakin ƙofa, kuma shiga gidan sai an karya sitiyari har ƙarshe. Wata rana da ta fito ya ce, "Akwai abin da ke gogar wani abu a gaba. Kamar ana wasa wuƙa a jikin fata."

"Sababbin ƙarafa ne, ba su saba da juna ba."

"Ruwa ba ya tsami banza," ya ce.

Bayan 'yan kwanaki ta ga ɗigon mai a ƙasa, kusa da tayar gaba ta ɓangarenta, bai fi faɗin ƙwayar gyaɗa ba. Ta shafa ta shinshina, ba na inji ba ne. Sannan ta lura ƙafarta tana ɗan nutsewa fiye da da kafin birkin ya kama. Ba wani abu mai yawa ba, irin abin da mutum zai iya cewa zuciyarsa ce ke raya masa. Ta biya gareji, ta tarar da Dogo a cikin ramin gyara, motoci sun yi masa layi.

"Ɗigo nake gani, ƙanena."

"Tsufa ne, matar yaya, ke da ita duka. Ƙara mata man birki, ki kawo ta bayan cin kasuwa in kwance ƙafar gaba ɗaya."

Ta yi dariya ta tafi. Ta ƙara man. Washegari ɗigon ya zama biyu.

Ranar kasuwar, gari ya waye da hadari, baƙi ƙirin a bayan tudun, iska ta tsaya cak. Babbar 'yarta tana aure a can sama, cikinta ya tsufa, ranar kuma za ta je awo asibiti. Tana tsaye a bakin hanya da jakarta lokacin da aka gama lodi. Gwaggo ta so ta ce mata ta jira wata motar, amma ta duba sama ta ga ruwa na tafe, babu kuma ko rumfa a wurin.

"Shigo, ki riƙe ƙofa da kyau."

Kwanar farko lafiya. A ta biyu ƙafarta ta nutse fiye da jiya. 'Yar tana ta ba ta labarin kayan jariri, ita kuwa "uhm" kawai take cewa. Suka iso babbar kwana wadda sai an naɗe sitiyari duka. Tana karyawa ta ji wani ɗan sauti daga ƙarƙashin ƙafarta, kamar an tsinke zare. Da hanya ta miƙe ta taka birki, sai fedar ta tafi har ƙasa ba tare da gardama ba.

Ta saki ta sake takawa, ta sake. Can ƙasa akwai ɗan abin da ke kamawa, amma ba abin da zai tsayar da wannan lodin ba ne. Motar ta fara ɗaukar gudu. A gabansu wata tankar mai tana rarrafawa, jajayen fitilunta suna ƙara girma.

"Inna, lafiya?"

"Sa jakarki a gaban cikinki. Ki dafa da ƙafa biyu."

Ba ta ɗaga murya ba, wannan ne ma ya sa 'yar ta yi shiru ta bi. Gwaggo ta taka kuloci ta tura giya ƙasa, injin ya yi kururuwa, kwanduna suka turo bayan kujera. Ta sake tura wata, giyar ta ƙi, ta danna da ƙarfi har ta shiga. Ta kama birkin hannu tana ja a hankali, bayan motar ya fara wutsil-wutsil, ta sassauta, ta sake ja. Gudun ya ragu, amma tankar ta riga ta cika gilashin.

Ramin yana ɓangaren 'yarta. Dutsen yana nata ɓangaren, sai ta tsallaka hannun masu hawowa kafin ta kai gare shi, kuma ba ta ganin abin da ke fitowa daga kwana ta gaba. Ta ambaci sunan Allah ta tsallaka. Ta jingina gefen motar da dutsen kamar mai goga tukunya. Madubi ya tafi, gilashin ƙofa ya zubo mata a cinya, ƙofar ta lotso ta matse mata hannu. Ta ci gaba da danna sitiyarin cikin dutsen har motar ta yi tari ta mutu. Tumatir ya yi ta gangarawa a kwalta yana wuce su. Sai ruwan ya sauko.

'Yar ba ta ji ciwo ba, sai tsoro. Gwaggo ta karye a hannu. Da aka kira Dogo, ya zo cikin ruwan ya kwanta a ƙarƙashin motar ya daɗe bai fito ba. Tiyon ne. Duk lokacin da ta karya sitiyari yakan miƙe ya gogi gefen sabon wilin, har ya cinye ya fashe. Ya fito da shi a hannu, ya tsaya kusa da Gwaggo ana ɗaure mata hannu da gyale. Ba ta tayar masa da maganar tiyon ba, a ranar ko bayanta.

Watannin da ta yi tana jinya, shi ya gyara motar. Ya samo dogayen tiyo, ya sauya har na baya, ya ɗauko yayansa ya kai shi gareji don ya bi kowane ɗaya da yatsa kafin a mayar da taya. Faya-fayan babbar motar suna nan a jikinta har yau, suna kuma aiki. Tsiyar da ke tsakaninsa da matar yayansa ce ba ta dawo daidai ba. Yanzu "sannu da aiki, Gwaggo" yake ce mata, kamar kowa.

Ta koma hanya da hannun da ba ya miƙewa sosai, yana kuma yi mata tsami duk lokacin da hadari ya haɗu. 'Yar ta haihu lafiya, mace. Ba ta sake shiga motar ba, ba ta kuma bari a sa jaririyar a ciki. In Gwaggo ta gama lodi takan tsaya a ƙofar gidansu ta danna oda, a fito da jikar a miƙo mata ta taga ta riƙe ta ɗan lokaci. Sannan ta mayar da ita ga uwarta, ta jira su koma ciki kafin ta tada mota.