Sunan da Bai Isa Italiya Ba

Duk wanda ya taɓa sayen doya a kasuwar Salaga ya san Wasilatu, ko bai san sunanta ba ya san bakinta. Jikar fataken goro ce, irin gidajen nan da goro ya ƙare musu tun zamanin kakanni amma taƙama ba ta ƙare ba. Ba ta ragi, ba ta wasa da mai ciniki, in kuwa ka kuskura ka kushe doyarta sai ta zayyano maka tarihin gidanku tun daga wanda ya fara shigowa garin da jaki. Abin alfaharinta a duniya guda ne, ta san kunya. A ganinta matan yanzu sun watsar da ita, ita ce kaɗai ta riƙe.

Kunyar da ta fi riƙewa ita ce ta ɗan fari. A gidajensu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. Mata da yawa sukan sassauta in yaro ya tasa. Wasilatu ko kusa. Da ta haifi Mubashir, fuskarta a kawar take ba shi nono, sai ka ce ɗan maƙwabta aka ba ta ajiya. Ana yaye shi aka kai shi riƙo Yendi wurin wan ubansa, can ya girma, daga nan ya zama "mutumin Yendi" a bakinta. In ya zo da salla takan zaɓa masa tsokar da ta fi kowace, ta ba ƙanwarsa ta kai masa, ita kuma ta juya baya tana hura wutar da ba ta mutu ba. Kada wani ya ce ba ta sonsa, wallahi tana sonsa. Son ne dai bai san hanyar baki ba.

Auta kuwa, Fawaz, sunansa har ya gaji da kira. Shi ya sha goyo, shi ya sha lele, ya girma da hannu mai sauri da zuciya mai sauri, ya buɗe shagon gyaran waya a Bawku, ya auri wata 'yar can mai suna Latifatu. Mubashir ya bi 'yan'uwansa matasa ya ƙetare zuwa Italiya, yana tsinkar tumatir a gonakin Turawa. In ya bugo waya, Wasilatu na jin muryarsa sai ta miƙa wa na kusa, ta ce, "Ga mutumin Yendi, ku gaisa." Sannan ta tsaya daf da su tana gyara abin da ba ya bukatar gyara, kunnenta na kan wayar.

Ana nan sai ciwo ya kama Mubashir a maƙogwaro. Aka yi masa aiki, murya ta tafi, likitoci suka daina ba da fata. Abokinsa Sadick, mutumin Savelugu da suke ɗaki ɗaya, shi ya kira Fawaz ya gaya masa abin da mara lafiya ke roƙo. Bidiyon uwarsa yake so, tana kiran sunansa ko da sau ɗaya, ya riƙa kallo. Wayarsa ta lalace tuntuni, Sadick kuma da tasa yake wuni a gona, amma wata ma'aikaciyar jinya ta ba da adireshin imel ɗinta, ta ce in an turo za ta buɗe masa a kwamfutar ɗakin asibitin.

Fawaz ya zo Salaga da hantsi, ya kife turmi a tsakar gida, ya jingina wayar a kai. Wasilatu ta fito cikin atamfar salla, ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta gyara mayafi.

"Ana gaida mutumin Yendi," ta ce wa wayar. "Ya jiki? Allah ya sa kaffara ne. Mutanen gida duk suna gaisuwa."

"Mma, ba wannan ya ce ba fa," in ji Fawaz. "Sunan yake so. Kalma ɗaya kawai, mene ne a ciki?"

"Kai, fita ka ba ni wuri. Ina magana kana tsaye mini a ka?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya bar wayar na ɗauka, ya fita neman abin karyawa.

Ta zauna ita da wayar. Ta buɗe baki, ya ƙi. Ta dubi ƙasa. Kaji suka zo suka wuce, inuwa ta janye daga kanta, zufa ta jiƙa mayafin, ita tana nan kamar an dasa ta. Matar da ke iya tsayar da kasuwa da baki, kalma ɗaya ta gagare ta. Ta tuna ranar da aka ɗora shi a lorin Yendi yana miƙo mata hannu, ita kuma ta shige ɗaki don kada a ce ta duba. Can dai, bayan ta daɗe, ta ɗago kai.

"Mubashir," ta ce. Ta sake cewa, "Mubashir, ɗana. Ni ce uwarka. Ka yafe mini." Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta taɓa yi a gaban ɗan Adam ba. Da yake ba ta san inda ake kashe wayar ba, sai ta yafa mata mayafinta.

Fawaz ya dawo a gurguje don kada lorin Bawku ya bar shi. Ya ce netwok ɗin Salaga ba shi da ƙarfi, sai ya isa shago zai tura. Washegari ta sa aka kira mata shi a waya. "Ya tafi?" Ya ce, "Ya tafi, Mma."

Ba a daɗe ba Mubashir ya cika, aka binne shi a can. Wasilatu ba ta zubar da hawaye a gaban 'yan gaisuwa ba, tsofaffi suka yi ta yaba mata, wai haka uwar ɗan fari ke yi. Ba su san abin da ke riƙe da ita ba. A ranta cewa take, ya ji, kafin ya tafi ya ji.

Da sadakar arba'in ta matso, Latifatu ta zo daga Bawku taya aiki, da wayar mijinta a hannu. Cikin bincike-bincikenta ta ci karo da bidiyon, ta kalla har ƙarshe, ta kwashe da dariya a gindin murhu, ta ɗaga murya da Hausarta ta Bawku mai ce wa mace "shi". "Ku zo ku gani! Mma ya kira sunan! Shi da yake ce ma mu ba mu da kunya!" Kafin a sauke tukunya ta tura wa ƙawayenta, su ma suka tura. Mata nawa Wasilatu ta taɓa yi wa gorin rashin kunya a garin nan? Duk ranar suka fanshe. Munawara, mai rumfar doya kusa da tata, wadda suka yi shekaru suna hararar juna, ta koyi muryar tsaf. Sai ta rufe fuska da gefen zane, ta shaƙe murya, ta ce, "Mubashir, ɗana!" kasuwa ta ɗauka da shewa.

Abin ya yi wa Wasilatu ciwo har cikin ƙashi, amma ta daure. Su yi ta yi, ta ce a ranta. Ba don su na faɗa ba.

Ranar sadaka Sadick ya iso da jakar mamacin. Bayan malamai sun shafa addu'a ya shigo ya durƙusa gabanta. Ta yi masa sannu da hanya, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta tambaya ƙasa-ƙasa ko saƙon ya isa.

"Ya isa, Mma. Kullum sai ya kalla. In ya ƙare ya yi alama da hannu a mayar masa farko."

"Ya ji daɗi ke nan?"

Sadick ya shiga wasa da igiyar jakar. Mutum ne da bai iya ƙarya ba. "Jira ya yi ta yi, Mma. Yana zaton ko kwamfutar ce ta tsaya."

Ba ta gane ba, sai ya ciro wayarsa, don ma'aikaciyar ta tura masa shi ma. Wasilatu ta ga kanta cikin atamfar salla tana gaida mutumin Yendi. Ta ga ta kori Fawaz, ta ga ta buɗe baki ta rufe, ta dubi ƙasa. Kaza ta gifta. Hoton ya ƙare.

Aka kira Fawaz daga wurin rabon abinci, ya zo yana goge hannu.

"Mma, imel ɗin ne ya ƙi ɗauka, bidiyon ya yi nauyi sosai. Dole a rage. Na ja gaba na ga shiru kawai kike yi, sai na yanke daga nan."

"Ba ka kalla har ƙarshe ba?"

"Kastoma sun cika shago ranar." Ya ga idanun mutane a kansa, sai ransa ya ɓaci, ya ɗaga murya. "Ni za a ɗora wa? Ai da kin faɗa tun farko da ya shiga. Shekara nawa kina da baki?"

Ba wanda ya tsawata masa. Wasilatu ta juya ga Sadick ta tambaye shi ko yaron ya ce wani abu. Ya ce a kallonsa na ƙarshe ya karɓi biro ya rubuta a tafin hannunsa, ya nuna masa: haka take, ku ƙyale ta. Yana rufe baki sai muryarta ta taso daga bayan katanga, a wayar wata da ta zo sadakar, tana cewa ni ce uwarka, ka yafe mini, dariya na biye da ita.

Har yau tana rumfarta a kasuwar Salaga. Ta daina zancen kunya, ta daina faɗa da masu ciniki, doyar ma nawa ka taya sai ta ce ɗauka. Sunanta ya ɓace a garin, yara da manya "Mubashir-ɗana" suke ce mata, baƙi ma da ba su san mafari ba haka suke kiranta in za su sayi doya. Wuni guda tana jin sunan daga bakin kowa, kuma duk lokacin da aka kira sai ta waiwaya.