Kwanon da Ya Hana Ni Goyon Ɗiyata

Salamu alaikum, mutanen wannan shafi. Kun saba ganina ina sa albarka ƙarƙashin hotunan jikoki, ba ku san ni da dogon rubutu ba. Yau sai kun yi haƙuri da tsohuwa.

Jiya na ga wata ta ɗora hoton sabon gidanta, an rufe tsakar gidan ruf, ana ta yi mata barka. Abin da na yi kusan shekara hamsin ban faɗa ba, shi zan faɗa.

Ni 'yar Kusada ce, aure ya kawo ni Kankia. Maigidana, Allah ya jiƙan shi, ma'aikacin gwamnati ne. Da kuɗin mai suka shigo aka yi musu ƙarin albashi, abokansa suka sayi babur. Shi kuwa kwano ya saya, ya rufe mini tsakar gida baki ɗaya, wai kada rana ta taɓa matarsa.

Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Ruwa a kawo, itace a kawo. Na yi fari tas. In ƙanwata Lantana ta zo daga Kusada, ta yi baƙi ƙirin saboda aikin gona, sai in ce, "Ke Lantana, halan ba inuwa a garinku?"

Bayan na haifi ɗiyata ta fari ciwo ya soma. Ƙugu, sai cinyoyi, sai haƙarƙari. In zan tashi daga tabarma sai na dafa bango. Tafiyata ta koma irin ta agwagwa.

Uwar mijina ta ce sanyin jego ne. Aka ƙara mini ruwan zafi da kunun kanwa, aka toshe taga da tsumma. Duk sanda ciwo ya ƙaru, sai a ƙara tura ni ƙuryar ɗaki.

Wata rana na ɗaga yarinyar zan goya, ƙafafuna suka ƙi, muka zube tare. Allah ya tsare ta. Ranar aka aika Kusada, Lantana ta zo zaman jinya.

Nan kishi ya same ni, jama'a.

Ina kwance ina hango ta. Ta suri yarinyar da hannu guda, ta aza a baya, ta ɗaure zane, ta fice rijiya. Ko nishi ba ta yi. Na yi kishin ƙafafunta masu faso. Na yi kishin baƙin nan da nake mata gori. Har Bafillatanar da ke kawo mana nono daga wajen Rimaye haushinta nake ji, don da ƙafarta ta zo.

Kuma ba damar magana. Ɗiyar fari ce, akwai kunya. Ko sunanta ba na faɗa, balle in ce a miƙo mini ita. Ranar da ta fara cewa "Inna", ba ni ta kalla ba. Lantana ta kawo mini fura da murnarta, na ture ƙwaryar na ce ta yi tsami.

Da na kasa tsugunnawa alwala, maigida ya ɗauki shatar mota zuwa wani asibiti a Kano. Na tsorata, na ɗauka na nakasa ke nan. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙashi, aka ba ni gado.

Likitan Ba'indiye ne, wata nas ke fassara. Ya danna ƙaurina na ƙwala ihu. Ya ce a tambaya, yaushe rabona da rana?

Maigida ya gyara zama. "Ai matata ba ta shan rana."

Nas ta dube shi ta ce, "To Malam, shi ne ciwon."

Ta yi mana bayani. Akwai wani sinadari, bitamin D, da jiki ke yi wa kansa in rana ta taɓa fata. In babu shi ƙashi laushi yake yi. Ciki da shayarwa suka ƙarasa tsotse ɗan abin da ya rage mini.

Likita ya duba ƙafafun yarinyar, suna miƙe sambal. Ya ce wa ke yawo da ita waje? Lantana ta sunkuyar da kai. Ashe yawon nan da ke ci mini rai shi ya ceci ƙafafun ɗiyata.

Aka yi mini allurai, aka ba ni ƙwayoyi da man hantar kifi, mai ƙarnin tsiya. Aka ce nono, ƙwai, da zama a hantsi kullum. Magani ya ci rediyon maigida. Muna dawowa ya hau tsani da kansa ya ɓamɓare kwanon, maƙwabta suna tambayar ko karayar arziki ce ta same shi.

Wata da watanni ina shanya ƙafafu kamar kuɓewa. Na bar bango, na koma sanda, na yar da sanda.

Wata safiya, Lantana na goye da yarinyar, a gaban uwar mijina, na ce, "Lantana, sauko mini da ita."

Tsohuwa ta riƙe baki. "Yau kuma rashin kunya?"

Na ce, "I, Iya."

Lantana ta aza mini ita a baya ta ce, "Yaya, dama ajiya kika ba ni." Yarinyar ta yi ta kuka tana miƙa mata hannu. Haka na kai ƙofar gida na dawo, ita kuka ni kuka.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa nas ɗin nan da alheri, ko sunanta ban tambaya ba.

'Ya'yana, ku bar wa rana hanya a gidajenku. Masu ciki da masu jego su riƙa zama a hantsi. Ciwon ƙashi in ya daɗe, a je a yi gwaji, kada a tsaya ga cewa sanyi ne. Ni rana kaɗai ba ta ishe ni ba, sai da aka haɗa da magani.

Ɗiyar nan yanzu ta yi jikoki. Har yau Lantana take ce wa Inna, ni kuwa Hajiya. Yana mini ciwo har gobe, amma ta ci sunan.

Lantana, na san za a karanta miki wannan. Furar nan ba ta yi tsami ba. Ki yafe ni.