Fanni Suka Rubuta Min

A gida kowa Injiniya yake ce min. A Riyad kuwa ikamata, katin zaman nan da kowane baƙo ke yawo da shi, cewa ta yi fanni, wato takanishan. Ejan ɗin da ya yi min biza a Kano ya ce kar in damu, na shiga ne kawai, ina isowa kamfani zai canza. Na yarda, don dama so nake in yarda.

Aikina a unguwar Sulay yake, a wani wokshop da muke haɗa allunan wuta na manyan gine-gine. Ni ke zane, ni ke lissafin kebul, ni ke gwaji. In na gama in kai wa muhandis ɗinmu, wato injiniya, wani Bamisire da bai daɗe da gama jami'a ba, ya sa hannu. Mutumin kirki ne. Wani sa'in har ya tambaye ni me ya sa na zaɓi wannan bireka, in masa bayani, ya gyaɗa kai, ya sa hannun.

Ba sa hannun ne ya dame ni ba. Matata ce. Kamfaninmu ba ya ba ka takardar kawo iyali sai ikamarka ta ce muhandis. Fanni ɗakin mutum huɗu ne nasa a gidan ma'aikata, hutu sai bayan shekara biyu. Da ciki wata shida na baro ta. A waya na ga 'yata ta yi haƙori, a waya na ga ta fara tafiya.

Mu'akkib ɗinmu, mai bin takardun kamfani a ofisoshi, ya ce abin ba wuya: in yi rajista da hukumar injiniyoyi, in sun ce muhandis, shi kuma ya canza min. Takarduna dai ba su da aibu. Ƙaramar difuloma, babbar difuloma, sai kuma shekarar da na ƙara a jami'a bayan bautar ƙasa, wadda a gida da ita 'yan poli ke hayewa su zauna layi ɗaya da masu digiri. Da ita aka yi min rajista a gida, da ita na fara sa Injiniya gaban sunana. Matata ce ta goya yarinya ta bi ofis-ofis a Abuja aka buga wa kowace takarda hatimi. Sau uku tana zuwa.

Ran da na ɗora su a intanet na kira ta na ce ta gaya wa makarantar da take koyarwa ba za ta dawo sabon zango ba.

Baba, direban tirela ɗan Katsina da gadonsa ke kallon nawa, yana jina. Na kashe waya ya ce, “Injiniya, ka bari ka ga abu a hannu tukun.”

“Baba, wannan ba lasin tuƙi ba ne. Takarda ce, ko akwai ko babu.”

“To mai takarda. Ni dai shekarata goma sha a garin nan, na ga masu takardar da ke wankin mota.”

“Ka shirya dai, har gida zan gayyace ka tuwo.”

“Miyar kuka nake so, kar a cika min yaji,” ya ce, ya juya ya ci gaba da ninke kayansa.

Saƙon hukumar ya shigo ana cikin hutun azahar, ina zaune kan wani ƙaton naɗin kebul ina cin shinkafa. Layi biyu ne. An karɓe ni a matsayin fanni, in danna amincewa.

Na ɗauka kuskure ne. Na nemi izinin rabin yini na je ofishinsu da takardun a jaka. Ma'aikacin da na samu bai wulaƙanta ni ba, da ma ya yi da na samu wanda zan ji haushinsa. Ya jera su kan tebur yana taɓa kowacce da yatsa.

“Diblom. Diblom. Wannan ma diblom. Ina bakaloriyos?”

Na ce masa shekara biyu, da shekarar koyon aiki, da wasu biyun, da wata kuma a jami'a. Na haɗa Larabcin wokshop da Turanci na ce a ƙasarmu wannan daidai take da digiri.

Ya ce, “A ƙasarku.”

Ya juyo min da kwamfutarsa ya nuna min matakan: muhandis, sai musharik, sai muhtarif, sai mustashar a can sama. Ya ce kowanne da shekarun aikin da ake nema, amma ƙofar shiga ɗaya ce, digirin farko na injiniyanci. Na ce shekarata takwas ina wannan aikin. Ya ce ma sha Allah, za su amfane ni sosai in na kawo digirin. Ya tattara takardun ya miƙo min da hannu biyu.

Kwana huɗu ban gaya mata ba. Tana turo min hoton fasfon yarinya, ina tura mata alamar dariya. Mu'akkib kuma kullum sai ya leƙo: ikamata ta kusa ƙarewa, ba za a sabunta ba sai da rajista, yalla, maza in danna.

Ran Juma'a bayan an sauko na fita bayan gidan ma'aikata, inda inuwar tankin ruwa take, na kira ta. Na faɗa mata duka, ban rage komai ba.

Ina jin yarinyar tana buga cokali a kwano.

“Yaya, hatimin ne bai yi ba? In koma Abujan?”

“Hatimi ya yi. Karatun ne ba sa ƙirgawa.”

“Digirin shekara nawa ne?”

“In sun ɗauke ni a aji uku, shekara uku. Kuma sai na dawo gida na zauna a aji.”

“Mu ci me?”

Na jingina da bangon gidan.

“An riga an ɗauki wata a gurbina,” ta ce. “Tun satin da ya wuce. Ita aka ba ajina.”

Na ce ta yi haƙuri, laifina ne. Ba ta ce ba komai ba, kuma ita mai saurin cewa ba komai ce. Tambayata ta yi saura wata nawa hutuna. Na ce bakwai. Ta ce to, bari ta je, yarinya ta zubar da abinci.

Na tsaya a wurin har inuwar ta matsa ta bar ni a rana. Sannan na buɗe saƙon na danna amincewa. Ko minti ɗaya bai yi ba aka turo min lambar rajista, da taya murna.