Kaciyar Mahadi

Ladidi Maiwada 'yar Ƙarfi ce, ta ƙasar Malumfashi. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, duk mai cin kasuwar garin ya san bokitinta mai shuɗin murfi. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, tun tana 'yar shekara tara ba ta iya kallon jini.

A shekarar ne aka yi wa ƙanenta Talha kaciya. Yara bakwai wanzami ya yi wa a zauren gidansu, shida suka warke. Jinin Talha ya ƙi tsayawa. Aka sa magani, aka ɗaure, tsumma na jiƙewa ana canza wani. Kwana uku ya yi ya rasu. Daga baya Inno, mahaifiyarsu, ta gaya mata haka wani wanta ita Inno ya tafi, shi lauje ne ya yanke shi a gona.

Ladidi ta auri Almustapha, manomin masara. Ranar kaciyar ɗansu na fari, Awaisu, ko ruwa ta kasa sha, amma yaron ya warke sarai. Ta ce to, abin ya wuce. Ta haifi Raudatu, sannan Mahadi.

Mahadi na fara rarrafe gwiwoyinsa suka riƙa kumbura. Ya ɗan bugu kaɗan, sai wurin ya yi baƙi. Ranar da ya ciji harshensa, wuni jinin ya yi yana ɗiga.

Da ya shekara shida, Almustapha ya ce bayan girbi za a haɗa shi da 'ya'yan wansa a kira wanzami.

"Malam, don Allah a dakata," in ji Ladidi. "Irin jikin Talha gare shi."

"A gidanmu ba a taɓa jin wannan ba. Ga Awaisu nan, ba ke kika haife shi ba?"

Masara na bushewa a gona, Ladidi tana ramewa. Sai da ta zube ta riƙe ƙafarsa tana kuka ya yarda su kai yaron asibiti a Funtuwa.

Bayan an auna jinin, likita ya zaunar da su. "Jininsa ba ya daskarewa. Wannan ba kamar sikila ba ne, da sai uwa da uba sun haɗu. Ta wajen uwa yake bi. Mace takan ɗauke shi ba ta sani ba, sai ya bayyana a jikin ɗanta namiji. Wani ɗan ya ɗauka, wani ya tsallake. Awaisu ya tsallake."

"Da an kira wanzamin fa?" Almustapha ya tambaya.

"Da wuya jinin ya tsaya," in ji likitan. Almustapha ya cire hularsa ya share gumi.

"Raudatu fa?" in ji Ladidi.

"Tana iya kasancewa ɗauke da shi, kamar ke."

A wani babban asibiti a Zariya aka yi kaciyar, bayan an yi wa Mahadi allurar da ke sa jini ya daskare. Ladidi ta tsaya bakin gado, idonta kan bandeji, tana jiran ya yi ja. Bai yi ba.

Yanzu Mahadi na aji uku. Ba ya hawa keke, ba ya ƙwallo, kuma in aka tashi makaranta bai shigo da wuri ba, sai ta bar gyaɗa a kasko ta fita neman sa.

Ta bi dangin Inno mata gida-gida tana faɗa musu. Wasu sun ji. A Danja kuwa, Shafa'atu, 'yar ƙanwar Inno, ta tare ta a tsakar gida.

"Yaya, kada ki sake kawo min wannan maganar. Kina so a ƙi auren 'ya'yanmu?"

Ladidi ta juya ta kalli ɗan Shafa'atu, ɗan shekara biyar, yana zaune kan tabarma yana shafa kumburarriyar gwiwarsa.